DAGA AKWATIN WASIƘUNMU: Shin Mai Koren Zobe Ya Auri 'Yar Shaho Kuwa?

  Kamar yadda muka saba, abin da muka faɗa a rediyo shi muke bugawa a nan, domin wanda ya yi dare a gona ko ya kwana a hanyar kasuwa kada amsa ta wuce shi.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah, manomi, wanda idan rani ya yi yake bin kasuwannin ƙauye yana awon hatsi. Ya roƙi mu sakaya sunansa, wai kada abokan awo su ce dattijo ya koma kallon yara. To Malam, mun sakaya. Ga abin da ya rubuto:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Akwai wani fim na zane da 'ya'yana suke kallo a wayar yayansu. A ciki akwai wani baƙin mutum mai koren zobe, da wata mace mai fukafukai tana riƙe da kulki. Gardama a kansu ta hana mu sakat a gida. 'Yata ta ce sun yi aure har sun haihu, wanta ya ce ƙarya ne, macen ta ci amanarsa sun rabu. Ni kuma na ce mutum da tsuntsuwa ina za su haɗu? Don Allah a warware mana. Kuma a gaya mini, abin nan ya dace yara su kalla? Ita 'yar tawa ta isa aure, mai neman nata kuwa ba ɗan garinmu ba ne, ba kuma yarenmu ɗaya ba, na lura gardamar nan da biyu take yin ta."

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya bar zumunci. Amsa a gajarce ita ce, da ɗan naka da 'yar taka kowa ya kama gefe guda na gaskiya, ba wanda ya riƙe ta duka. Amma bari mu bi abin daki-daki, don idan ka zauna raba gardama ka san inda za ka dafa.

Da farko dai ka kwantar da hankalinka, waɗannan ba mutane ba ne. Zane ne, irin wanda yara ke ce wa katun. Masu zane ne suke zana hotuna masu ɗimbin yawa, kowane ya ɗan bambanta da na bayansa, sa'an nan a riƙa wuce da su da sauri, har hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai ido ya ga kamar motsi suke yi. Muryoyin kuwa na mutane ne da ke magana gaban makirfo kamar yadda nake yi muku. Mai muryar namijin sunansa Phil LaMarr, mai muryar macen kuma Maria Canals. Labarin kansa ƙagagge ne, ɗan'uwan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, sai dai shi a Amurka aka ƙulla shi.

Sunan shirin Justice League, wato ƙungiyar masu tsare adalci. Kamfanin Warner Bros. ne ya shirya shi, tashar talabijin ta Cartoon Network ta fara nuna shi a watan Nuwamba na 2001. An yi kashi 52 zuwa 2004, sa'an nan aka ɗora da ci-gabansa mai suna Justice League Unlimited, shi kuma kashi 39, aka kammala a watan Mayu na 2006. Ka ga ke nan abin da yaranka ke kallo tsohon shiri ne, an daɗe da naɗe tabarmarsa. Jaruman da suka kafa ƙungiyar su bakwai ne: Superman, da Batman, da Wonder Woman, da Flash, da wani koren mutum mai suna J'onn J'onzz, sai waɗannan biyu da ka yi tambaya a kansu.

Shi mai zoben sunansa John Stewart, laƙabinsa Green Lantern, wato mai koriyar fitila. Baƙar fata ne ɗan Amurka, mutumin birnin Detroit, kuma tsohon soja. A labarin akwai wata rundunar masu tsaron sararin samaniya da ta raba sama shiyya 3,600, shi aka ba shi shiyya ta 2814, wadda duniyarmu ke ciki. Zoben nan shi ne makaminsa. Duk abin da ya ƙudura a ransa, ko garkuwa ko katanga, zoben zai ƙera masa shi da koren haske, kuma ƙarfin abin daidai ƙarfin zuciyar mai zoben. Halinsa irin na soja ne: bin doka, tsari, ba ya son wargi a bakin aiki. Tun 1971 wasu mutum biyu, Dennis O'Neil da Neal Adams, suka fito da shi a littattafan zane na kamfanin DC, yana cikin baƙaƙen jarumai na farko-farko da kamfanin ya yi.

Ita kuwa macen sunanta Shayera Hol, laƙabinta Hawkgirl, wato 'yar shaho. Ba tsuntsuwa ba ce, Malam. An ce daga wata duniya ta fito mai suna Thanagar, wadda ko ka kwana kallon sama ba za ka gan ta ba, don marubuta ne suka ƙirƙire ta. Mutanen can kamarmu suke, sai dai suna da fukafukai, kuma mayaƙa ne na ƙin ƙarawa. Kulkinta na wani irin ƙarfe ne da ke fitar da lantarki yana kuma karya sihiri. Kullum tana sanye da kwalkwali mai rufe mata rabin fuska, ba wanda ya san kamanninta. Halinta kuwa, sai ta buga sa'an nan ta yi tambaya. Abin da ta shaida wa abokan aikinta shi ne, wai ita 'yar sanda ce a garinsu, tana bin masu laifi ne tsautsayi ya jefo ta duniyarmu, ta rasa hanyar komawa. Ka riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

To ka ga bambancinsu. Shi ya tashi inda ake cewa mai makami ya tsaya sai doka ta ba shi izini, ita ta tashi inda yaƙi ne abincin yau da gobe. Saboda haka da farko ba sa shan inuwa ɗaya. A wani kashi da aka nuna a 2002, an haɗa su tafiya neman Superman da J'onn da aka sace, tun daga fita har komowa cacar baki suke yi. Amma mu mun san irin wannan faɗa, na taubasai ne, mai kallo da ido ya san akwai wani abu a ƙasa.

Abin ya fito fili a watan Disamba na 2003. Wani mugu mai suna Joker ya dasa bama-bamai a birnin Las Vegas. Ɗaya ya tashi da John bayan ya tura Shayera waje ya tserar da ita, har zuciyarsa ta tsaya. Ita ce ta ɗora masa kulkin nan, lantarkinsa ya girgiza zuciyar ta ci gaba da bugawa, kamar yadda likitoci ke yi da na'ura a asibiti. Da ya farfaɗo ya buɗe mata cikinsa, sai ta kawo irin hujjar da ka kawo, Malam, ta ce ya dube su mana, ai ba iri ɗaya ba ne su. Shi kuwa ya nuna mata cewa abin da yake gani namiji ne da mace, ya sa hannu ya cire mata kwalkwalin. Ran nan ne masu kallo suka fara ganin fuskarta, bayan shekara biyu ana shirin.

A cikin watan dai aka nuna wani kashi da ni a ganina ya fi kowane bayyana yadda suka yi da bambancin al'ada. Lokacin hutun Kirsimeti ne. Shi ya nuna mata wasan da yake yi yana yaro, na jifa da dusar ƙanƙara da gina mutum-mutumi da ita. Ta yi mamakin babban soja yana birgima a ƙasa, amma ta shiga aka yi da ita. Sa'an nan ta ce to ya zo ya ga yadda ake biki a wajensu. Ta kai shi wata matattara a can wata duniya, inda shagalin shi ne a kaure da dambe kowa ya bugi na kusa da shi. Bai so ba, amma ya shiga, ya sha nasa rabon. Ka ga kowa ya taka ya je gidan ɗan'uwansa, ya ci abin da aka ba shi bai yatsine fuska ba. Ashe fukafukai da al'ada ba su ne matsala ba.

Kafin mu wuce, akwai abin da ya kamata ka sani game da ƙasar da aka yi shirin. An zana John baƙi, an zana Shayera da kamannin farar mace mai jan gashi. A Amurka wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin har zuwa watan Yuni na 1967 akwai jihohi 16 da dokarsu ta haramta aure tsakanin baƙi da fari, sai da Kotun Ƙoli ta ƙasar ta soke waɗannan dokoki a shari'ar wasu ma'aurata, Richard da Mildred Loving, mutanen jihar Virginia. Daga ranar zuwa cire kwalkwalin nan shekara 36 ce kawai, wato iyaye da kakannin yaran da suka kalli shirin da yawansu sun ga wancan zamani. Saboda haka duniyar Thanagar ƙage ce, amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta gaske ce, irin taka ce.

To me ya raba su? Nan ne ɗanka yake da gaskiya. A watan Mayu na 2004 aka nuna labari mai kashi uku da ake kira Starcrossed, ma'anarsa masoyan da taurarinsu ba su gamu ba. Rundunar Thanagar ta sauko duniya ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Hro Talak. Suka ce abokan gabansu, mutanen Gordaniya, suna tafe za su ci duniya da yaƙi, su kuma sun zo taimako, za su gina mana garkuwa. A nan asiri biyu suka tonu lokaci guda. Na ɗaya, Shayera ba ɓatan hanya ta yi ba, hafsa ce a sojan Thanagar, an turo ta leƙen asiri tun shekara biyar da suka wuce. Na biyu, akwai alkawarin aure tsakaninta da shi kwamandan, kamar dai a ce an yi baiko. Duk wannan John bai sani ba, sai a lokacin ya ji.

Abin bai tsaya nan ba. Batman, wanda ba ya yarda da kowa, ya bincika ya gano cewa maganar taimako yaudara ce. Da ƙungiyar ta tashi hana aikin, sai aka kama su ɗaya bayan ɗaya, domin Shayera ta riga ta ba da rahoton lagon kowannensu. Shi John ita da kanta ta buge shi aka ƙwace zobensa. Abin da ake ginawa kuwa a hamadar Gobi ba garkuwa ba ne, hanyar yanke ce ta sararin samaniya, wadda za ta kai rundunar Thanagar bayan abokan gabansu. Kamar a ce za a fasa hanyar mota a bi ta tsakiyar gonarka, sai dai wannan idan aka buɗe ta duniyar ce gaba ɗaya za ta tarwatse da duk abin da ke cikinta.

A yi mata adalci, ita ma ba a gaya mata wannan ba. Da ta ji, sai ta shiga halin gaba kura baya sayaki. Idan ta yi shiru, duniyar da ta ba ta masauki ta hallaka. Idan ta yi magana, mutanenta sun rasa hanyar da suke ganin ita kaɗai za ta cece su. Ta zaɓi magana. Ta saci bayanan aikin ta kai wa ƙungiyar, ta mayar wa John zobensa. Aka gwabza, kwamandan ya fasa zoben ya ji wa John ciwo a hannu, har sai da ta ɗora hannunta a kan nasa suka danne makunnin da ya kashe kariyar injin. Batman kuma ya tuƙo tashar ƙungiyar da ke shawagi a sama ya faɗo da ita a kan injin. Duniya ta tsira, rundunar Thanagar ta kwashe ta tafi.

Ita fa? Ba tsuntsu ba tarko. Mutanenta sun tuɓe mata muƙami sun kore ta, mutanen duniya kuma suna kallonta maciya amana. Ƙungiyar ta zauna a gidan Batman ta jefa ƙuri'a a kan ko a bar ta ko a kore ta. Kafin a faɗi sakamako sai ta ce ta sauka da kanta. Da za ta tashi ta shaida wa John cewa son da take masa shi kam ba ƙarya ba ne, ta buɗe fukafukai ta tafi. Sai daga baya, a Disamba na 2004, aka ji yadda ƙuri'ar ta kasance: John ya janye bai jefa ba saboda abin da ke tsakaninsu, aka yi kunnen doki, Superman ya raba gardama da cewa a bar ta. Wato da ta ƙara haƙuri kaɗan da ta ji an yafe mata. A 2005 kuma aka nuna cewa Thanagar ta sha kashi a yaƙin, kuma Hro Talak ya mutu a fagen fama. Wannan nauyi a wuyanta ya zauna.

Ko da ta dawo ƙungiyar, ta tarar gado ba kowa ne ke jiran mai shi ba. John ya fara neman wata jaruma baƙar fata, Mari McCabe, da ake kira Vixen, mai wata laya a wuya da ke ba ta ƙarfin kowace dabba ta so. Kuma marubutan ba su mai da Mari muguwa don a ji daɗin ture ta ba. Mace ce mai kirki da wayo, har ma ita da Shayera suka zo suna girmama juna.

Yanzu ga gefen 'yarka. A watan Janairu na 2005 aka nuna wani labari inda John da Batman suka bi wani ɓarawo mai na'urar tsallake zamani, har suka faɗa shekaru masu yawa a gaba. A can suka gamu da wani jarumi mai sulke da fukafukai, Warhawk, sunansa na yanka Rex Stewart. Da ya ga John sai ya kira shi baba, kuma aka tabbatar uwarsa Shayera ce. Abin dariya ma, shi ɗan ya riga iyayensa fitowa a talabijin, domin tun a 2000 an nuna shi a wani shiri mai suna Batman Beyond, ba a dai faɗi ko ɗan wane ne ba sai a wannan karo. To daga nan 'yarka ta samo hujjarta, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Sai dai a 2006, dab da ƙarshen shirin, John ya gaya wa Shayera labarin wannan ɗa, amma ya ce ba zai saki Mari don kawai an haska masa gobe ba, zai zauna inda yake, abin da zai faru ya faru a kan lokacinsa. Ita kuma ta tafi wajen Batman ta roƙe shi ya ba ta labarin ɗanta. A nan maganarsu ta tsaya. Saboda haka ga hukunci: a cikin kashi 91 ɗin nan ba a ɗaura musu aure ba, ɗanka ya ci wannan. Amma an nuna ɗan da za su haifa, wanda ke nuna ƙarshenta sun daidaita, 'yarka ta ci wannan. Kai kuma da ka ce mutum da tsuntsuwa, ka yi haƙuri, kai ne ka faɗi.

Abin da nake so ka lura da shi, Malam, shi ne inda igiyar ta tsinke. Bambancin asali an kawo shi, an tsallake shi a zama ɗaya. Bambancin al'ada an mai da shi abin raha. Abin da ya ɗauki shekaru bai warke ba shi ne ɓoye gaskiya: wace ce ke, me ya kawo ki, kuma akwai wani a gabana ko babu? Na biyu kuma, ranar da danginki da nawa suka saɓa, ina za ki tsaya? Ita Shayera ba ta taɓa zama ta amsa wannan tambaya ba sai da rana ta ɓaci, shi ya sa ta biya da tsada. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da mai haƙa shi yana da fukafukai.

Game da 'yarka, ni ba alƙali ba ne, kuma katun ba ya ɗaura aure ba ya kuma hana shi. Amma tun da ita ta ɗauko misalin, to ka karɓa ka yi mata amfani da shi duka, ba rabi ba. Ka ce mata kin yi gaskiya, yare da gari ba su ne abin tsoro ba. Sa'an nan ka yi abin da iyayenmu suka saba: ka tashi manya biyu ko uku su je har garin yaron, su ga iyayensa, su tambayi maƙwabta da abokan sana'arsa halinsa da addininsa, a ji ko yana da mata ko alkawarin wata. A kuma yi maganar inda za su zauna tun yanzu, da yadda za ta riƙa zuwa ganin gida. Kai ɗan kasuwa ne, ka san ba a sayen buhu sai an soka an ga ƙwayar, ko daga wace kasuwa aka ɗauko shi. Idan bincike ya yi kyau, kada yare kaɗai ya sa ka rufe ƙofa. Idan kuwa aka tarar da rufa-rufa, to ko ɗan ɗakinku ne sai a yi hattara.

Sauran tambayarka, ko ya dace yara su kalla. Ba zan ɓoye maka ba, don yaran Amurka aka yi shi, da al'adarsu. Akwai faɗa da yawa, ko da yake ba a cika nuna jini ba. Akwai sihiri da dodanni na ƙage, tufafin matan matsattsu ne, kuma a kashin nan na Las Vegas an nuna sun sumbaci juna. A ɗaya gefen kuma yana koya taimakon mai rauni, da cika alkawari, da cewa cin amana yana da sakamako. Lokacin da nake koyarwa a firamare na lura cewa abin da aka hana yaro ba bayani, a ɓoye zai neme shi. Shawarata ita ce, kowane kashi bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, ka zauna ka kalli ɗaya tare da su bayan sallar isha'i, su fassara maka, kai kuma ka nuna musu abin ɗauka da abin bari. Ƙanana dai a sa musu ido, kuma kada waya ta ci lokacin makaranta da na gona.

To Malam mai awon hatsi, da fatan ka gamsu, kuma a gai da mutanen gida. Allah Ya zaɓa wa yarinya abin da ya fi alheri. Sauran waɗanda wasiƙunsu ke hannunmu, ku ƙara haƙuri, layi ne, kowa zai ji tasa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A huta lafiya.